Ajin Turancin dare na Titin Bauchi: malamin da ke bin kalma har gidansu

Duk wanda ya gama sakandare amma har yanzu Turanci na yi masa gardama, akwai wani ajin dare a saman bene kusa da Titin Bauchi a nan Jos da ya cancanci kuɗinsa. Ni kabeji da dankalin Turawa nake sayarwa a Farin Gada, kuma masu saro kaya daga Kudu ne suka sa na shiga.

Malamin ba ya jefo maka kalma ya ce je ka haddace. Sai ya kai ka inda aka haife ta. Ran nan ya rubuta serendipity a allo, ya ce ma'anarta ka fita neman wani abu, ka ci karo da alherin da ba shi ka fita nema ba. Wani ya ce gamon katar ke nan. Malam ya ce an kusa, amma ban da sa'a sai da basirar gane abin da ka tsinta.

Wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, shi ya ƙirƙiro ta a wata wasiƙa a 1754, daga wata tatsuniyar Farisa ta 'ya'yan sarkin Sarandib su uku. A hanya suka siffanta wani raƙumi da ya ɓace alhali ba su taɓa ganinsa ba. Sun ce ido ɗaya gare shi, don gefe ɗaya na hanya kaɗai ya ci ciyawa. Sun ce gurgu ne saboda sawun ƙafar da yake ja. Har suka gane zuma da man shanu yake ɗauke da su, don ga ƙudaje a wannan gefe, ga tururuwa a wancan. Sarandib kuwa tsohon sunan Siri Lanka ne a bakin Larabawa.

Nan wani dattijo da ke zama a baya ya ɗaga hannu: "Allah gafarta Malam, ai wannan ne tsibirin da ake cewa Annabi Adamu ya sauka." Malam ya ce shi ne. Wallahi daga ranar kalmar nan ta zauna mini daram, kuma wannan ne ya sa nake tallar ajin ga abokan sana'a.

Inda nake da ƙorafi shi ne lokacin yin magana ya yi kaɗan. In labari ya yi wa Malam daɗi sai Isha'i ta kusa ba wanda ya buɗe baki ya gwada jimla ɗaya, mu kuwa baki ne sana'armu. Na faɗa masa, ya ce zai ware Asabar don hira zalla. Ɗakin ma ya yi ƙanƙanta, ga tagar da ba ta rufuwa. In hunturu ya shigo ku zo da rigar sanyi. Kuɗin wata bai kai abin da nake sa wa wayata na data ba, kuma Malam yana yi wa ɗalibai uzuri har kasuwa ta yi kyau.