Gargaɗi ga masu bin hanyar Koko zuwa Jega da mota

Jama'a masu mota a yi hattara, akwai wasu yara masu yawo bisa mashin da jakar sifana suna cewa su riwaya ne, wato masu gyaran wutar mota, ni dai sun ci kuɗina satin da ya wuce, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Na taso daga Koko bayan la'asar da Golf ɗina zan koma Birnin Kebbi, tun kan hanya nake jin wani ƙiii ƙiii cikin bonet duk sanda na taka totur, sai fitilar batir ta kawo ja, ni kuma na ce bari in lallaɓa har gida. Da magariba ta yi na kunna fitila, haske ya riƙa dushewa kamar aci-bal-bal, kafin Jega mota ta mutu murus, ko kik ba ta yi. Ban yi minti goma ba sai ga wanga yaro ya faka mashin, "Alhaji sannu, mi ya samu motar?" Ya ɗauko batir wurin abokinshi anka tada ta, tana cikin aiki ya zare kan batir, mota ta mutu. Ya riƙe baki ya ce "Alhaji altaneta ta ƙone, ƙarar da kake ji kwal ne ya cinye, amma akwai Beljiyam a shagon ogana." Dare ya yi, ga iyali cikin mota, wa zai tsaya gardama a hanyar nan? Ya kwance altanetar, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ya tafi, bayan awa ɗaya ya dawo da wata tana ƙyalli, dubu 55 har kuɗin aiki, wai tsohuwar ya bar ta can a madadin ragi.

Washegari na kai motar wurin makanikena don ƙarar ba ta gama ɗaukewa ba. Yana leƙawa ya fashe da dariya, ya nuna min wata 'yar tsaga a kunnen altanetar inda shi da kanshi ya buga mata kurfi bara lokacin da ya canza buroshi. Ashe tawa ce! Wanke ta sunka yi da fetur sunka fesa fenti sunka sayar min da kayana. Asalin ciwon fanbel ne, ya saki ya yi santsi duk ya tsattsage ta ciki, shi ya sa yake ihu kuma ba ya juya altaneta yadda za ta yi caji. Da yaron ya maida ta ya ɗan ja bel ɗin, shi ne fitilar batir ta ɗauke na ɗauka gyara ne.

Abin da makanikena ya nuna min da mitar auna wutar batir ko minti biyu bai kai ba. Mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6, in an tada inji ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in ya tsaya a 12 ko yana sauka to caji ba ya shiga, amma ko a nan sai an duba bel da kan batir da waya da fis kafin a ɗora wa altaneta laifi. Zare kan batir mota na aiki kuma ba gwaji ba ne, a motocin yanzu yana iya ƙona birenbos, wato kwamfutar mota. Ƙara ma kala-kala ce, ihu mai tsini yawanci bel ne, gurnani mai bin totur boris ne, in kuwa ƙwanƙwasar ƙarfe ce daga ƙasan inji ga fitilar baƙin mai ta kawo, kashe motar nan take kar ka ƙara ko taku ɗaya.

Duk wanda zai kwance maka kaya a hanya ka ce ya sa mita gabanka, ka ɗauki hoton kayan, ka karce shi da makulli, kuma tsohon ya dawo hannunka. Na koma wurin ranar Asabar, masu shayin bakin titi sun ce ni ne na uku da ya zo cigiyarshi, ba su ma san ko daga wane gari yake fitowa ba.