Rabon Mectizan a ƙauyenmu: abin da na gani

Ƙauyenmu yana bakin kogin Taraba, inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu. A irin wannan ruwa baƙin ƙuda ke hayayyafa, shi ne kuma yake sa wa mutum tsutsar da ke kawo makantar kogi. Ina yaro ni nake ja wa Baffana sanda zuwa masallaci. Fatar ƙwaurinsa ta yi dabbare-dabbare saboda susa, ga wani ƙullutu a ƙugunsa da yakan ce in taɓa. Sai da na girma na san a cikin ƙullutun uwar tsutsar take kwance, tana zuba 'ya'yan da ke bin fata har su kai ido.

Makon jiya mai rabon Mectizan, maganin wannan tsutsar, ya shigo gidanmu da littafinsa da sandar awo mai fenti kala-kala. Ɗan garinmu ne, jama'a suka zaɓe shi. Kowa ya tsaya jikin sandar, tsawonka ne zai nuna ƙwaya nawa za ka sha, daga ɗaya zuwa huɗu. Autana bai kai santimita 90 ba, aka tsallake shi. Matata ma ya ce mata, "Yaya, ki bari sai kin sauka lafiya." Bai tafi ba sai da ya ga na haɗiye nawa. Ko sisi bai karɓa ba, domin tun 1987 kamfanin Merck ke bayar da maganin kyauta.

Shan farko na sha wuya, kwana biyu ina susa, hannuna ya kumbura. Bana ko ƙaiƙayi ban ji ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin rabon. Ana kawowa tsakiyar damina, magidanta duk suna gona, wasu can suke kwana. Alhali 'ya'yan tsutsar ƙwayar maganin take kashewa, uwar kan kai shekara 15 a raye, wanda ya riƙa tsallake shekara ya ba ta sarari. Shi kansa mai rabon barin gonarsa yake yi, ba albashi, kullum a ƙafa. Ya cancanci a ba shi ko da keke ne.

A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Baffa bai riski maganin da idonsa ba, Allah ya jiƙansa. Sandarsa tana nan a zaure, jikokinsa suna hawanta suna sukuwa.