Jaka 85 na tura masa, ya aiko mini da ƙafar roba

Jama'a, tun shekaranjiya nake rubutawa ina gogewa. Uwargida ta ce in bar wa Allah. Abokan sana'a kuwa wasu sun riga sun ji, sun yi dariyarsu sun ƙoshi, to gara in faɗa da bakina kafin a ƙara wa miyar gishiri. An cuce ni jaka 85. Jaka 85 na sefa, wato sefa dubu 85, kuɗin aikin bikin aure uku da suna biyu, a kan ƙafar kamara, wadda mu masu hoto muke ce wa tirepiye.

Kuma kada wani ya zo ya ce mini ban san kaya ba. Shekara 11 ke nan ina ɗaukar hoto a Damagaram. Babu lungun Birni ko Zango da ban shiga da kamara ba, hawan salla a ƙofar fada ban san iyakar wanda na ɗauka ba. Tsohuwar ƙafata ta fi kilo 3, ko an naɗe ta sai ta kusa kai mini ƙugu. In zan je Mirriya ko Matameye a kan babur, da robar taya nake ɗaure ta a baya kamar mai kai itace kasuwa, kowane rami ta doke ni a gadon baya. Abin da nake nema ƙarama ce ta tafiya, irin wadda ƙafafunta ke juyawa sama su rungume kan, ta dawo kamar santimita 40, ta shige jakar goyo, nauyinta kada ya wuce kilo ɗaya da rabi. Na san abin da nake so tun kafin in san akwai wannan mutumin a duniya.

A Facebook na gan shi, shafin sayar da kayan hoto. Ya ce yana Yamai, wani ɗan'uwansa ke aiko masa da kayan hannu daga Faransa. Manfrotto Befree ta karbon, wato wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake yin ƙafafun da shi, jaka 70. Kamfanin na Italiya ne, su babu ruwansu, sunansu kawai aka ara aka yi mini fashi da shi. Sabuwa a Turai takan kai Yuro 300, ka buga da 656, canjin Yuro ɗaya a sefa, ka ga inda za ka tsaya. Saboda haka jaka 70 a kan ta hannu ba arahar banza ba ce da za ta sa mutum ya tsorata. Da ya ce jaka 20 da tuni na wuce abina. Ya san farashin da zai faɗa.

Ga abin da ke hana ni barci. Da muka koma WhatsApp, na ga yana da wata babba ta jaka 95, na ce ita nake so. Sai ya turo saƙon murya, ya ce, "Malam, me kake ɗorawa a kai?" Na ce Canon 80D da gilashi 18-135. Ya ce, "Haba Malam, duka biyun ba su kai kilo ɗaya da rabi ba. Kada ka ɓata kuɗinka, ƙaramar ta ishe ka har da saura. Ni ba na son in ci haƙƙin ɗan'uwana." Ku faɗa mini tsakani da Allah, ɓarawo ne zai ce ka rage masa jaka 25? Na saurari wannan saƙo ya fi sau 30. "Kada ka ɓata kuɗinka." A nan ya gama da ni, ni kuwa ina ganin na samu mutumin kirki.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in ana hunturu kada in ɗaga sandar tsakiya, don da zarar ta tashi iska za ta riƙa kaɗa kamarar, hoto ya fito dishi-dishi. Ya ce in fara zare gaɓoɓin sama masu kauri, siraran na ƙasa sai in dole. Ya ce ƙurar Damagaram tana shiga makullan ƙafa, in riƙa kwancewa ina sharewa da busasshen ƙyalle, kada in kuskura in zuba mai, mai shi ke kiran ƙura. Ya ce karbon ba ya ɗaukar zafi kamar alminiyom, ranar Afrilu ba za ta ƙona mini hannu ba. Duk gaskiya ne. Maigidana da ya koya mini hoto haka ya faɗa mini tun ina yaron shago. Har yanzu ban ga ƙarya ko ɗaya a cikin bayanin da ya yi ba, kayan ne kawai babu.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin maganar kuɗi na nemi bidiyo, kada ku ɗauka haka nan na rufe ido. Ya turo. Ga tirepiye a kan tayil, hannu yana buɗe ta yana naɗewa, muryarsa tana bayani, har da ambaton sunana. Fuska ce kawai babu, ni kuma ba fuska na zo saye ba. Sai jiya ƙanena ya gano bidiyon nan a shafin wani mai shago a wata ƙasa, da Faransanci ake magana a na asalin. Cire muryar mutane ya yi ya ɗora tasa. Da na sake kallo sai na ga yana cewa "ga shi ina juya kan" alhali hannun yana kan ƙafa. Sau huɗu na kalla a lokacin ban gani ba.

Jaka 40 na fara turawa, ranar Litinin. A'a, Talata ce, don Lahadi ina Mirriya ranar kasuwa, Litinin kuma na wuni ina gyaran hotuna. Talata. Ya ce in tura da sunan ƙanensa, wai katinsa ya mutu bai sabunta ba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a gidan aike ta dube ni ta ce, "Baba, ka san mai sunan nan?" Na ce mata ɗan'uwana ne. Da bakina na faɗa. Ƴar da na girmi ubanta ta yi mini tambayar da ya kamata in yi wa kaina, na amsa mata da ƙarya don kada ta raina ni.

Cikon jaka 30 mun yi da shi sai kaya sun iso. Amma ran Alhamis ina cikin kasuwar Dole ya turo hoton kwali an naɗe da salatif, ga sunana da nimerona a jiki, ga resin mota. Ya ce mahaifiyarsa tana kwance, magani zai saya, in taimaka in cika. Muna cikin maganar ya ce, "Malam, an kira la'asar, bari in yi salla in dawo." Ya kuwa dawo bayan minti 15. Na cika. Ku lissafa, 40 da 30, 70 ke nan.

Sai jaka 15. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, don a nan zuciyata ta yi mini magana na ce ta yi shiru. Wai an tsare kwalin a hanya, sai an biya kuɗin duwan, wato kwastan. Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, gaskiya, amma ƙasa ɗaya ce, wace iyaka kwali ya ƙetare? Na yi masa wannan tambayar, ina da shaida. Ya ce ai kayan Turai ne, takarda suke nema. Na duba na ga jaka 70 ɗina suna can, in na ƙi 15 na rasa 70. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Na tura. Jaka 85.

Kwali ya iso, wannan kam bai yi ƙarya ba. Da na ɗaga shi a tasha na ji sakayau, wallahi har murmushi na yi, na ce a raina karbon ke nan. Ban buɗe a can ba, na kawo gida, na kira yaron shagona ya zo ya ga kayan aiki na gaske. A gabansa da uwargida na yanka salatif ɗin. Ƙafafu sirara kamar eriyar rediyo, an naɗe su da takarda mai zanen saƙar karbon, zafin mota ya riga ya ɗaga bakinta, ina ja tana biyo ni. Kan roba ne, da maƙalin waya a sama. Sunan ma "t" ɗaya aka rubuta. Kusar da ke shiga gindin kamara, mai rubu'in inci, lilo take yi cikin robar. Duk da haka na ɗora kamarar, igiyarta tana hannuna, sai kan ya sunkuya a hankali kamar kaza mai mura. Yaron ya juya baya yana tari. Na san ba tari ba ne. Irinta tana nan rataye a kasuwar Dole, jaka 5, kuma in ka taya za a rage.

Na kira shi nan take. Ya ɗauka, har da salati, wai an yi musayar kwali a tasha, in turo jaka 5 ya bi sawu. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: sai da na sa takalmi. Uwargida ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ina za ka?" Kafin magariba hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, kira ba ya shiga.

Na je komisariya na ba da bayani, sun rubuta, sun karɓi resi ukun. Hotunan hirarmu da na resin, bidiyon da na asalinsa, duk suna wurina, zan sa su da zarar ƙanena ya rufe sunaye da nimerori, don mai sunan da na tura wa kuɗin wataƙila shi ma katinsa aka sata. Saƙon muryar ma zan sa, ku ji da kunnenku, sannan wanda ya isa ya ce da shi ne ba zai yarda ba.

In za ku saya, kada ku tura ko dala sai wani naku ya je ya riƙe ta a hannu. Ya ƙwanƙwasa ƙafar da farce, alminiyom ƙara yake yi, karbon ba ya amsawa haka. Bidiyo kuma a yi kira kai tsaye, ka ga fuska da kaya tare. Suna daban a wurin tura kuɗi, ka tsaya nan.

Shafin yana nan, ya sauya suna, yanzu fitilun hoto yake tallatawa, kuma na ga wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambayar farashi. Na rubuta mata, ba ta buɗe ba tukuna. Jaka 85. Da ya bar ni na sayi babbar ma da 110 muke magana, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar ragi ya yi mini. Gobe ina da biki a Matameye, na aiki yaro wurin mai faci ya yanko mini sabuwar robar ɗauri.