Hattara da mai maganin fuka da ke cewa a jefar da inhela

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman mutanen Agege, Mile 12 da Idi-Araba. Duk wanda ke da mai asma, wato fuka, a gidansa, don Allah ya daure ya karanta.

Akwai wani mutum da ke yawo da ƙaramar mota mai lasifika, yana tsayawa kusa da masallatai bayan an idar da Juma'a. Hausa yake yi tsab, har da jan aya. Hajarsa wani ruwa ne mai duhu a robar ruwan sha, an liƙa masa takarda mai hoton huhu. Cewa yake saiwoyi ne da zuma da habbatus sauda, gadon kakansa, kuma cikin kwana 21 fuka za ta rabu da mutum har abada. Sharaɗinsa ɗaya: a daina shaƙar inhela, wai ita ce ke "karya" maganin.

Yayata ta saya wa ɗanta mai shekara 11. Ban ga laifinta ba. Wanda bai taɓa kwana zaune da yaro yana neman numfashi ba, ƙirjinsa na ƙugi, ga hayaƙin janaretan maƙwabta na shigowa ta taga, ba zai gane abin da ke sa uwa ta miƙa kuɗinta ba. Kuma abin da ya fi rikita mu, maganin ya yi aiki! Cikin kwana uku tari ya lafa, yaro na barci, yana cin abinci kamar gara. Har ni sai da na ce wa abokan sana'ata a kasuwar albasa su gwada. Allah Ya yafe mini.

Kwana 21 suka wuce, mai maganin ya ce a ƙara roba biyu saboda ciwon "ya yi saiwa". A wata na biyu fuskar yaron ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙishirwa ba ta ƙarewa. Mutane na cewa ya yi ƙiba, masha Allah. Da maganin ya ƙare muka kira lambar, a kashe. Kwana biyu da yankewa, da tsakar dare ciwon ya taso da ƙarfin da ba mu taɓa gani ba, ga inhela tuni an yar. A Keke Napep muka kai shi asibiti leɓɓansa sun fara canza launi.

Likita na ganin fuskarsa ya tambayi yayata: "Hajiya, wane magani kuke ba shi?" Ya ce alamun duk na wanda ya daɗe yana shan sinadarin siteroid ne, irin su dexamethasone ko prednisolone. Daga baya wani yaro da ya taɓa yi wa mutumin dakon kaya ya shaida mini da bakinsa cewa ƙwayoyi ake dakawa a turmi a zuba a cikin ruwan saiwar. Sai a lokacin na tuna da farin garin da ke kwanciya a gindin robar, wanda yake cewa a girgiza kafin a sha.

Ga yadda abin yake. Asma kumburi ne da tsukewar hanyoyin iska a huhu. Siteroid na kwantar da kumburin da sauri, shi ya sa likitoci ma ke ba da shi, amma da awo kuma na 'yan kwanaki. Idan aka yi ta ɗirka wa mutum ba ƙa'ida, yana jawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, ya kuma hana yaro tsawo. Jiki ma yakan rage samar da nasa sinadarin, don haka yankewa farat ɗaya haɗari ne. Wanda ya riga ya daɗe yana shan irin wannan ruwa, ya ɗauki robar ya tafi asibiti da ita, a sauke shi a hankali.

Ba maganin gargajiya nake zagi ba. Ni ma da citta da zuma aka raine ni, kuma ruwan ɗumi da su na sanyaya maƙogwaro. Amma ba sa buɗe ƙirjin da ya toshe. Wannan aikin shuɗiyar inhela ne, salbutamol, wadda ke fara aiki cikin mintuna. Asma lallaɓa ta ake yi, ba a tumɓuke ta, duk wanda ya yanka maka ranar warkewa kuɗinka yake so. Na kuma ji mutumin yana ba manya busasshen ganye su busa kamar taba. Idan zaƙami ne, to kowa ya san dalilin da ya sa ake ce masa haukata-yaro.

Takardar jikin robar na ɗauke da wata lamba da ya ce ta NAFDAC ce, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Mun duba a manhajar Greenbook ta hukumar, babu ita. Ko da ma lambar gaskiya ce, rajistar da ake yi wa maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Sannan jihar Legas na da hukumar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista. Ku tambayi mai sayarwa takardarsa, ku ga yadda zai sauya zance.

Yanzu ya koma WhatsApp da sabuwar lamba, yana tura muryoyin mata suna godiya, yana cewa a fara tura kuɗi sannan ɗan acaɓa ya kawo. Na ji an gan shi wajen Alaba Rago makon jiya, ya sake wa robar takarda. Robar tamu tana hannuna, ranar Litinin in sha Allahu zan kai ta ofishin NAFDAC. Yaron an sallame shi, an sayo sabuwar inhela, amma har yau fuskar ba ta gama saɓewa ba.