Gargaɗi ga ɗalibanmu na Turai: mai cewa zai kai ku Andalus ya cinye mini Yuro 480

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai zan sake shi, wanda zai ce na yi wauta ya ce, domin jiya wani ya tura mini saƙo cewa mutumin nan ya ɓulla a zauren WhatsApp na ɗaliban Poland da sabuwar lamba, da hotunan nan dai da ya yaudare mu da su.

Yuro 480 ya karɓa a hannuna. Ɗari huɗu da tamanin. Na san wani a gida zai ce ai wanda ke Turai ba ya kukan Yuro 480. To ku ji. Ni a Debrecen nake karatu, can gabashin Hangari, da tallafin karatu na gwamnatin ƙasar, wato Stipendium Hungaricum. Abin da ake ba mu a wata forint 43,700 ne, wato wajen Yuro 110. Ku yi lissafi da kanku, alawus ɗin wata huɗu ne da ɗoriya. Kuma ba daga alawus na tara kuɗin ba, wannan da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata. Aikin dare na yi a wani sito da ke bayan gari, ɗaukar kwalaye daga goman dare zuwa shidan safe. In fito cikin sanyin Nuwamba yatsuna sun ƙage ba sa lanƙwasuwa, in yi asuba, in wuce aji idona jawur. Gumina ne wannan bawan Allah ya haɗiye.

Masu cewa ta yaya mai karatun jami'a zai tura wa wanda bai taɓa gani ba kuɗi, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Mutumin nan ba rana ɗaya ya faɗo daga sama ba. Ya fi wata biyar a zaurenmu na ɗaliban Hausawa da ke Turai kafin ya ambaci tafiya. Duk wanda ya yi tambaya kan sabunta katin zama, shi ne farkon amsawa. Sabon zuwa ya ce bai san inda zai sami naman halal ba, shi zai yi masa kwatance. Ya ce yana digiri na uku a Biyana, babban birnin Ostiriya. Hausarsa tsaf, ba gargada. In ya aiko saƙon murya sai ya fara da sallama cikakkiya, ya tambayi iyaye, ya tambayi karatu. Ni "Yaya" nake ce masa, shi kuma "ƙanena". Akwai ranar da na kira shi ya ce, "Ƙanena, bari in ba da farali in kira ka." Kuma ya kira bayan minti goma. Wa zai zargi irin wannan?

A ƙarshen Oktoba ya kawo maganar. Ya ce idan an gama jarrabawar Janairu zai ja tawagar ɗalibai zuwa kudancin Sifaniya, kwana shida. Jirgi daga Budapest zuwa Malaga, mota zuwa Granada, kwana biyu a can a shiga fadar Alhambra, daga nan Kordoba, sai Sabiya, a dawo. Duka Yuro 420, har da masauki. Ni tun ina Islamiyya nake jin labarin Andalus. Malaminmu idan ya zo kan faɗuwar Granada a 1492 har muryarsa takan canza. Masallacin Kordoba da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa a 785, wanda aka mayar coci a 1236, garin da ake jingina Alƙurɗubi mai tafsiri gare shi, ga shi nan tafiyar 'yan sa'o'i a jirgi daga inda nake kwana. Na riga na je Biyana da Prag da kaina a bas, na san yadda ake tafiya a nan, ni ba baƙon hanya ba ne. Amma Sifaniya ta yi mini nisa da tsada, kuma ba na jin yarensu. Sai ga ɗan'uwa ya ce ya je sau uku, ya san kowane lungu.

Ya turo hotonsa a tsaye gaban bangon nan na Alhambra mai rubutun "Wala galiba illallah". Ya rubuta a ƙasa, "In sha Allahu za ku karanta da idonku." Da sunan Allah ya shigo mana. Wannan ne yake ƙona mini rai fiye da komai.

Kuma wallahi na yi bincike. Ina so a rubuta wannan a ajiye, na yi bincike. Duk abin da ya faɗa na duba na ga haka yake. Ya ce katin zamanmu na Hangari ya isa mu shiga Sifaniya ba sai da biza ba, tunda duk a yankin Schengen suke, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, kwana 90 cikin kowane kwana 180. Gaskiya ne. Ya ce tikitin Alhambra sai an saya tun da wuri, da sunan mutum da lambar fasfonsa a jiki, kuma ɓangaren fadojin Nasiriyawa, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Granada, kowa da lokacin da aka rubuta masa, in ka makara ka rasa. Na shiga shafinsu na gani, haka ne. Da wannan hujjar ya karɓi hoton fasfon kowannenmu.

Abin da ya gama da ni shi ne masaukin. Ya turo takardar shaidar kama ɗakuna a wani masauki a Granada, mutum goma sha ɗaya, da sunayenmu. Ban yarda da takardar kawai ba. Ban kira lambar da ke jikinta ba ma, na nemo lambar masaukin da kaina a intanet na kira. Ina tsaye a kicin ɗin hostel ɗinmu, shinkafa na kan wuta, wata mata ta ɗauka, na tambaye ta da Turanci. Na ji ƙarar tana danna kwamfuta, sai ta ce e, akwai, mutum goma sha ɗaya, kwana biyu. Ta karanto sunana, har ta kasa furta shi daidai na gyara mata. Ta karanto sunana, jama'a. A nan tsaye, ban ko sauke tukunyar ba, na tura masa Yuro 250 na kafin alƙalami. Kullum in na kwanta wannan kicin ɗin nake gani, da muryar matar nan, da babban yatsana a kan waya. Ku gaya mini me ya rage ban yi ba?

Ashe irin kamun nan ne da ake yi kyauta, ba ka biya ko sisi ba sai ranar zuwa, kuma kana iya sokewa ba tara. Ya kama da gaske don duk wanda ya kira a ce masa akwai. Daga baya ya soke. Wannan sai a filin jirgi na sani.

A'a, na tsallake wani abu. Kafin in tura 250 ɗin, na lura sunan da ke kan asusun na mace ne, kuma lambar asusun, wadda ake kira IBAN, ta fara da LT, wato Lituweniya, alhali ya ce a Ostiriya yake. Na tambaye shi, ban yi shiru ba. Ya yi dariya ya ce asusun maiɗakinsa ne, nasa an sa masa iyaka, kuma ai bankunan nan na cikin waya da ɗalibai ke amfani da su da yawa lambarsu da LT take farawa. Na duba nawa, shi ma LT ne. Sai na ji kunyar tambayar da na yi, har na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri.

Cikon 170 na tura a Disamba, ranar da aka biya mu kuɗin sito. Ko kuwa 60 ɗin ne ya riga? A'a, 170 ne a Disamba, 60 ɗin a farkon Janairu, ina tsakiyar jarrabawa. Ya ce kuɗin inshorar tafiya ne da na Alhambra, wai an ƙara farashi. Tikitin Alhambra bai kai Yuro 25 ba, na sani, na gani da idona a shafinsu, amma kaina na cikin karatu, na ce sauran na inshora ne, na tura. 250, 170, 60. Yuro 480.

Da ni kaɗai ne da na haɗiye na yi shiru. Amma mutum biyu ni na jawo su. Ɗaya abokin ɗakina ne, ɗan Damagaram, wanda ya ce mini tun farko shi bai cika son irin wannan haɗakar ba. Na ce masa, "Aboki, na kira masaukin da kaina, sun karanto sunana." Da bakina na faɗa masa. Rance ya ci ya biya. Ɗayan ƙaramin yaro ne ɗan shekarar farko da yake ce mini Yaya kamar yadda nake ce wa wancan. Mu uku Yuro 1,440. Mu goma sha ɗaya, in kowa ya biya abin da na biya, Yuro 5,280 ke nan. Abokin ɗakina bai ce mini uffan ba har yau, gaisuwa ma yana yi mini kamar kullum, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Ana gobe tafiya na shiga shafin kamfanin jirgin don in fitar da takardar shiga. Na sa lambar nan mai harafi shida da ke kan tikitin da ya turo, aka ce babu. Na sake, babu. Gabana ya faɗi. Na kira shi, ya ɗauka kuwa, muryarsa a kwance. Ya ce tikitin tawaga ne, ba a fitar da shi ɗaya-ɗaya, shi zai karɓar mana a kanta, mu haɗu a filin jirgi kawai, shi zai taso daga Biyana da daddare. Ya ce, "Kada ka damu ƙanena, ka dai taho da rigar sanyi, Granada akwai dutse." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Mun hau jirgin ƙasa na sassafe daga Debrecen, mu huɗu, muka sauka a tashar Ferihegy, muka shiga bas 200E zuwa filin jirgi. Can muka tarar da waɗanda suka zo daga Szeged da Pécs, kowa da jakarsa, wani har da sabon takalmi. Muka jira. Na kira, a kashe. Na tura saƙo, alama ɗaya. Sai wani ya ce ku duba zauren tafiyar. An fitar da mu duka, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfe huɗun dare. Na je kanta da wayata, ma'aikaciyar ta buga lambar, ta buga sunana, ta girgiza kai ta ce babu wani tikiti da wannan suna, takardar ma ba tasu ba ce. Gwiwata ta yi sanyi. Na koma gefe na kira masaukin Granada, aka ce wanda ya kama ɗakunan ya soke tun makon jiya. Muna tsaye muna kallon allo har aka rubuta an rufe ƙofar jirgin Malaga. Yaron nan ɗan shekarar farko ya zauna a kan jakarsa ya rufe fuska. Ban iya kallonsa ba.

Na kira banki a ranar. Sun ce tunda ni na tura da hannuna, iyakar abin da za su yi shi ne su nemi bankin da ya karɓa ya dawo da shi, ba alkawari. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda a Debrecen, wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar ya yi mana tafinta, an ba mu takarda mai lamba. Mun tambayi Hausawan da ke Biyana, babu wanda ya taɓa sa shi a ido, ko a masallaci ko a taron Sallah. Wata da watanni muna ce masa Yaya, babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa zama da shi. Kowa yana zaton wani ya san shi. Hoton Alhambra ɗin ma, wani ya gano na wani bawan Allah ne aka ɗauko daga Facebook. Kuma yanzu yana riƙe da hoton fasfon mutum goma sha ɗaya. Wannan yana hana ni barci kamar yadda kuɗin ke hana ni.

Ina da komai a ajiye: rasit uku na turawa, 250 da 170 da 60, takardar masaukin, tikitin bogin, saƙonnin muryarsa guda arba'in da wani abu, da lambobinsa biyu. Ina rufe sunayen sauran yaran ne da lambobin fasfo, da na gama zan saki hotunan hirarmu gaba ɗaya, ku ji muryarsa da kunnenku. Shugabannin zaurukan ɗalibai na Poland da Jamus da Romaniya, ku neme ni in tura muku tun yanzu.

Ku sayi tikitin jirginku da kanku a shafin kamfani. Ku biya masauki da kanku. In an ce muku an kama ɗaki, ku tambaya an biya ko ba a biya ba. Kada ku ba kowa hoton fasfo. Wanda babu mai cewa "na zauna da shi ido da ido", kada ku tura masa ko Yuro ɗaya.

Kai kuma, na san kana da wata lambar a cikin zaurukanmu, na san za ka karanta. Ka kira ni ƙanenka, ka sa sunan Allah a gaba, ka ci gumin dare na wata uku. Allah ya isa tsakanina da kai, ban yafe ba, kuma na abokin ɗakina da na yaron nan ni zan biya su a hankali ko zai ɗauke ni shekara. Hajiyata ta riga ta gaya wa malaminmu na Islamiyya cewa zan je Andalus. Shekaranjiya ta kira tana tambayar hotuna, na ce mata an ɗaga tafiyar. Yau da daddare zan kira ta in gaya mata gaskiya.