Sharhi: wata shida bayan na ƙara faifan ajiya biyu a kwamfutar aikina

Aikin tace bidiyo yana cin wuri ba kaɗan ba, kuma da faifan SSD ɗin da ke cikin kwamfutar teburina, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, ya fara cika, sai na ga dogaro da faifan waje ta kebul ɗin USB ba zai fisshe ni ba. Na sayi faifan ajiya biyu masu inci 3.5, kowanne terabait 4, masu juyawa sau 7200 a minti ɗaya, na ɗaura su a cikin akwatin kwamfutar.

Tun kafin in saya, abin da na fi tsayawa a kansa shi ne tsarin rubutun faifan, wato ko CMR ne ko SMR. A tsarin SMR layukan bayanai suna hawa kan juna, saboda haka in za a sauya layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa, abin da ke sa faifan ya yi sanyin jiki idan aka daɗe ana zuba masa manyan fayiloli. Na zaɓi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, kuma ban yi nadama ba.

Ɗaurawar kanta ba ta kai minti ashirin ba. Na kashe kwamfutar, na zare wayar wuta, na taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar da jiki kan tara, sannan na zura faifan a gurbinsu na ɗaure. Kowanne yana buƙatar waya biyu, siririyar SATA mai fil 7 da ke kai bayanai zuwa madabod, wato babban allon kwamfutar, da mai faɗi mai fil 15 da ke kawo wuta.

Da na kunna, sai BIOS, manhajar da ke fara duba kayan kwamfuta idan an kunna ta, ta nuna faifai ɗaya kawai. Na sauya waya, na sake kunnawa, shiru, har na fara zargin cewa matacce aka sayar mini. Ashe laifina ne, domin ban karanta littafin madabod ɗin ba, inda aka rubuta ƙarara cewa ramin M.2 da SSD ɗina ke ciki yana raba hanya da ɗaya daga cikin kafofin SATA, kuma muddin yana aiki to wannan kafar a rufe take. Ina mayar da wayar kafa ta gaba, faifan ya bayyana.

A Windows sai da na shiga sashen sarrafa faifai na Disk Management na shirya su, na zaɓi tsarin raba faifai na GPT saboda tsohon tsarin MBR ba ya wuce terabait 2, sannan na yi musu fomatin da NTFS, tsarin adana fayiloli na Windows. Kowanne ya nuna terabait 3.63 maimakon 4, wanda ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne: kamfanoni suna ƙirga da 1000, Windows kuwa da 1024.

Ta fuskar gudu, kada kowa ya ruɗu da megabait 600 a daƙiƙa da ake danganta wa SATA III, domin wannan iyakar hanyar ce. Nawa faifan suna kai kusan megabait 200 a kan babban fayil, su faɗi ƙasa warwas idan ƙananan fayiloli ne barkatai. Shi ya sa aikin da nake kai yake zama a SSD, wanda na gama kuma in kwashe shi zuwa sababbin. Abin da ya dame ni da farko shi ne ƙugin da akwatin ya ɗauka idan dare ya yi tsit, amma ƴan zobban roba a wurin kusoshi sun rage shi sosai, fanka ɗaya a gabansu kuma ta sauke zafinsu.

Na haɗa su a tsarin RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a ɗaya ake rubuta shi a ɗayan, don haka terabait 4 kawai nake mora cikin 8. Na gamsu da wannan ciniki, sai dai ranar da na goge wata jakar aiki bisa kuskure, a take ta ɓace daga dukansu biyun, kuma tsohon faifan wajen nan da na raina ne ya dawo mini da ita. Har yanzu duk ƙarshen mako nakan jona shi in kwafi sabon aiki.