Sundarban: na biya kuɗin ganin damisa, sawunta kawai na samu

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata wai na ga damisar nan mai ratsi-ratsi (tiger) ta dajin Sundarban ko ban gani ba, to bari in amsa a nan gaba ɗaya in huta. Ban ganta ba. Sawunta na gani, sabo fil, ruwa bai ma gama taruwa a ramin ba. Kuma har yanzu in na tuna dalilin da ya hana ni ganinta sai raina ya ɓaci.

Mu uku muka tashi daga Kolkata ta ƙasar Indiya zuwa wannan daji na bakin teku, ni da abokin karatuna ɗan Damagaram da wani ɗan Sudan, ta hannun wani kamfanin yawon buɗe ido da ba zan kama sunansa ba, irin masu tallan kwana biyu da abinci da jirgi duk a kuɗi ɗaya, kun dai san su. Tun a waya na faɗa wa ejan ɗin har sau uku cewa mu baƙi ne, ba 'yan Indiya ba, kuɗin shigarmu daban, takardar izininmu ma daban. Ya ce in turo hoton fasfo ta WhatsApp kawai, komai an gama. Na tura. Ya turo mini hoton damisa tana iyo a ruwa, wai gobe war haka da idona zan gani.

Ranar farko babu laifi, wajen awa uku a mota zuwa Godkhali, daga nan jirgin ruwa ya kai mu masauki a Pakhiralay, muka ci shinkafa da kifi muka kwanta. Matsalar washegari ta fara.

Da asuba muka yi sallah muka shiga jirgi, hazo ya rufe kogin, ga sanyin Janairu na bakin ruwa mai shiga ƙashi. Duk jirgin da zai shiga dajin sai ya tsaya a Sajnekhali an duba takardu an haɗa shi da ɗan jagora, to a nan ne aka gano ashe ejan ɗin nan a layin 'yan ƙasa ya rubuta mu don ya cinye bambancin kuɗin. Jama'a, baƙaƙen fata uku reras, ɗaya ma da hular Damagaram a kansa, wai 'yan Indiya! Ma'aikatan daji ba su da laifi ko kaɗan, aikinsu suka yi, cikin mutunci suka ce sai an gyara. Allah Ya sa na taho da fasfo ɗinmu na asali, da a nan tafiyar za ta ƙare. Aka shiga kiran ejan, waya a kashe, da ta shiga kuma sabis ya ɗauke, ga sauran fasinjoji mutum tara suna ta hararmu kamar mu muka jawo, wata mata har tana nuna mu da baki tana magana da Bangali, ban ji me ta ce ba amma na san ba addu'a take mana ba. Ƙarshe daga aljihunmu muka cika kuɗin. Awa biyu da rabi muna tsaye muna kallon jirage suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa awa biyu da rabin nan ta yi mini ciwo sai da ɗan jagoranmu ya yi bayani na gane. Wannan daji ba irin Yankari ba ne da za a ɗora ka a mota a bi hanya. Nan babu hanya sam, ruwa ne da taɓo da tsibirai, kuma ruwan teku ne ke mulki, sau biyu a rana yana cikowa yana janyewa. In ya janye sai gaɓa ta fito fili, taɓo shimfiɗe, a lokacin ne ake sa ran ganin dabba ta fito. In ya ciko kuwa har gindin bishiyoyi yake shanyewa, ba ka ganin komai sai ganye. Ranar nan da sassafe ruwan yake ƙasa. Mu da muka shiga wajen ƙarfe goma ya riga ya fara dawowa.

Muna isa hasumiyar kallo ta Sudhanyakhali muka tarar da mutanen wani jirgi sun taru a kan waya ɗaya suna ihu. Na leƙa. Damisa ce, kai kawai a waje da kunnuwa, tana tsallaka wani ƙaramin rafi a nitse ta haura gaɓa ta girgije jiki ta shige. Awa ɗaya kafin isowarmu, a hanyar da muka biyo. Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa. Abokina ya dafa ni ya ce malam haƙuri, damisa ƙi sabo ce dama, ba rabonmu. Na ce a'a, rabonmu ne ejan ya sayar.

To amma gaskiya ɗaya ce, ba zan zalunci wurin ba. Bayan azahar mun shiga wani siririn rafi, sai ɗan jagora ya ɗaga hannu, direba ya kashe inji. Ya nuna gaɓa, a ɗan taɓon da ruwa bai kai ba, ga sawu nan ya fito daga ruwa ya haura cikin bishiyoyi, faɗinsa ya kai tafin hannuna da yatsu a buɗe, gefen ramin bai ko rufta ba. Ya ce da raɗa, mama ta wuce yanzu. Na yi sororo, wace mama kuma? Ashe a Bangali mama kawu ne, ba sa son kiran sunanta kai tsaye a cikin daji. Can ciki barewa ta yi wani irin haushi gajere, birai suka ɗauka a sama, sannan tsit. Jirgi na ta ɗan juyawa da kansa, ba ka jin komai sai ruwa na lasar katako. Tsigar jikina ta tashi, ni da nake ta ƙorafin ban ganta ba sai ga ni ina ja da baya daga bakin jirgin, don na san ita tana ganinmu. Minti goma muka yi a haka kuma su ne duk abin da na ci riba a tafiyar.

Daga nan na daina ganin laifin kowa na ɗan lokaci. Ɗan jagoran mutumin kirki ne, ɗan yankin, ya ce damisar ɓangaren Indiya duka ba su wuce ɗari da 'yan kai ba a ƙidayar 2022, a dajin da aka keɓe musu tun 1973, kuma kaso mafi girma na Sundarban ɗin ma a Bangladesh yake. Ka lissafa da kanka, ganinta sa'a ce tsagwaronta, duk wanda ya yi maka alkawari maƙaryaci ne. Ya nuna mana ragar da aka kewaye bakin daji da ita ta fuskar ƙauyuka don kada ta tsallako, ya ba mu labarin masu cirar zuma da ke shiga daji wajen Afrilu, da yadda a da suke ɗaura fuskar roba a ƙeya saboda ta baya take kamu. A ƙauyensu akwai matan da mazansu suka tafi kamun ƙaguwa ba su dawo ba. Kunya ta ɗan kama ni, abin da na biya kuɗi ina neman gani shi ne abin da suke kwana suna roƙon kada su haɗu da shi. Su kuma Bonbibi, wadda suka ɗauka uwar daji, suke kira ta tsare su, har da 'yan ɗakunan bauta a bakin daji, Hindu da wasu Musulmin wurin duk suna girmama ta, wannan kam na kalla na yi shiru.

Sauran abubuwa ba sai na ja ba. Mun ga kada ɗaya ƙato yana shan hantsi, barewa masu ɗigo-ɗigo da yawa, guza, da wasu kifaye masu tsalle a kan taɓo kamar kwaɗi. Saiwar bishiyoyin ta tsiro sama tsaye kamar an kakkafa ƙusoshi, ta nan suke shan iska. A Dobanki akwai gada a sama cikin ragar waya, kai ne a keji dabbobi a sake, ta burge ni. Abincin da ake dafawa cikin jirgi ya yi daɗi, kifi da jatan lande da shayi ba yankewa, kajin ne na bari don ban san yankansu ba. Sallah a jirgi kuwa sai ka roƙi direba, da ka daidaita alƙibla ya sha kwana.

Da na so in ba kamfanin maki uku cikin biyar saboda ɗan jagora da mai dafa abinci. Amma muna dawowa Godkhali sai ga ejan ɗin da kansa, wanda wayarsa ta mutu jiya, ya shafa wa idonsa toka yana cewa akwai cikon kuɗin baƙi da za mu ba shi. Kuɗin da muka biya da hannunmu a Sajnekhali! Na zaro rasit na nuna masa, ya duba ya ce to a bar shi kyauta, wai ya yafe mana. Ya yafe mana fa. Ɗan Sudan ne ya riƙe ni.

Don haka ɗaya na ba su, ita ma ta ɗan jagora ce. Dajin zan koma in Allah Ya yarda kafin in gama karatu, amma sai na ga takardar izini da sunana da ƙasata a jiki kafin in tura ko rupi ɗaya, kuma sai na tambayi ƙarfe nawa ruwa ke janyewa ranar.